Ranar da Na Hana Shayib Wanka a Jirona

Tun da na dawo bakina bai huta ba. A ɗakinmu na unguwar Manfuha duk wanda ya shigo, kafin ya cire takalmi sai ya ce, "Lawwali, yaya Turai?" Na ba da labarin a kan tiren shinkafa, na ba da shi a ƙofar masallaci, na ba da shi a wurin aski. Abin da ya sa na zauna rubutawa shi ne jiya na ji Sani mai walda yana rantse wa wasu baƙi cewa wai na yi wanka da Turawa a tafki ɗaya. To don Allah a saurara. Ban yi wanka da kowa ba. Hasali ma aikin da na yi a can ke nan, hana wanka.

Ga wanda bai san ni ba, ni direba ne a wani gida a nan Riyadh. Kafil ɗina, wato wanda iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, take ƙarƙashin sunansa, ana ce masa Abu Nasir. Mutum ne mara yawan magana, irin wanda idan ya ce maka "zo" sai ka fara lissafin laifukanka. Amma ainihin wanda nake ɗauka ina saukewa mahaifinsa ne, dattijo da ya haura tamanin, wanda a bayan idonsa muke kira Shayib, a gabansa kuma "ya ammi", wato baffa. Idonsa na hagu ya daɗe da mutuwa. Na daman ma yanar ido ta rufe shi, har ta kai sai da murya yake gane jikokinsa. Shi ne aka yanke shawarar kai shi Barsalona, a ƙasar Sifen, a yi masa aiki. Shayib ya ce ba inda za shi sai da ni. Kada ku ɗauka ƙauna ce. Ni kaɗai ne a gidan yake zagi ba na kai ƙara.

Maganar biza ba zan ɓata muku lokaci da ita ba, Abu Nasir ne ya yi ɗawainiyarta, ni dai na je an ɗauki hoton yatsuna. Inda na san ni ɗan Najeriya ne shi ne filin jirgin Barsalona. Uba da ɗa suka miƙa fasfo, aka buga, suka wuce. Ni kuwa ma'aikacin ya karɓi koren littafina ya juya shi gaba, ya juya shi baya, ya ɗaga shi sama, saura kaɗan ya shinshina. Ina tsaye ina murmushin dole, sai muryar Shayib ta cika wurin da Larabci: "Wane ɗan banza ne ya riƙe mini sandata?" Ma'aikacin ya tambayi abin da tsohon yake faɗa. Abu Nasir ya gyara murya ya ce, "Cewa yake wannan bawan Allah ne ke yi masa jagora." Aka buga mini hatimi.

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Washegari da aka cire bandeji, abin da Shayib ya fara faɗa shi ne ɗansa ya yi tumbi. Likita ta ba da maganin ɗigawa da baƙin tabarau, ta kuma kafa doka: ba murza ido, ba sunkuyo, sannan uwa uba kada ruwa ya shiga idon har sai mun dawo ta sake dubawa. Ta ce ruwa na iya shigar da cuta, kuma mun san ba shi da wani idon a ajiye.

Abu Nasir ya ce hayaniyar Barsalona ta yi yawa, mu je wani tsohon gari da ake kira Jirona a huta kafin ranar dubawa. A cikin jirgin ƙasa, Shayib na gyangyaɗi, ya matso kusa da ni ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ya Lawwal, iƙamarka ta kusa ƙarewa."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Idan ɗigon ruwa ɗaya ya shiga idon nan, ba sabuntawa. Huruj niha'i."

Ku da ke nan kun san ma'anar wannan: fita ba dawowa. Ina da mata da 'ya'ya uku a Funtuwa, ga mahaifiyata, duk da wannan sitiyarin suke cin abinci. Gonakin inabi na ta wucewa ta taga, amma wallahi ban san kalarsu ba.

Jirona gari ne da kogi ya raba biyu. A bakin kogin gidaje ne manne da juna, wannan ja, wannan ruwan ƙwai, wannan ruwan goro, kamar an shanya atamfofi. Tsohon garin duk dutse ne, ƙasa dutse, bango dutse, lunguna kuwa sun fi na cikin birnin Zariya matsi. Abin da ya fara ba ni mamaki, na kwana biyu ina haddar gaisuwar Sifaniyanci, sai aka ce mini su nan Katalan ne, harshensu daban, tutarsu daban, ga ta nan rataye a kusan kowace baranda. Na ce to, ashe ko'ina akwai wannan.

Masaukinmu tsohon gida ne aka mayar otal. Mai karɓar baƙi wani ɗan Maroko ne, Idris, wanda Shayib ya maƙale wa saboda ya sami mai jin Larabci. Banɗaki fes, amma ba buta, ba tiyo, sai da na yanke bakin robar ruwa. Abinci kuwa, duk inda ka shiga ƙafafun alade ne rataye a saman kanka, an busar da su kamar kilishi. Na tsaya a kan kifi da ƙwai da wani abin da suke alfahari da shi: a gasa burodi, a goga masa tumatir, a zuba man zaitun. A gida idan mace ta goga maka tumatir a burodi ta ce abinci ne, sai an kira iyaye. A can kuwa har tambayarka suke ko ya yi daɗi, kuma abin haushin ya yi.

Kwana biyu komai lafiya. Ina goge masa fuska da jiƙaƙƙen ƙyalle, ina yi masa wanka daga wuya zuwa ƙasa, yana tsine mini. A rana ta uku Abu Nasir ya koma Barsalona wani uzuri, ya ce sai yamma. Umarninsa ɗaya: kada mu wuce kujerun ƙofar otal.

Na haura ɗaki ɗauko maganin ido. Ina saukowa na tarar da Shayib tsaye, ya gyara shimag, wato jan mayafin nan nasu na ka, ga tawul ɗin otal a kafaɗarsa.

"Yalla, mu tafi, ya Lawwal. Idris ya ce akwai Hamamin Larabawa, gidan wanka, a garin nan. Na kakanninmu. Yau zan zuba ruwa a kaina."

Na ce, "Ya ammi, likita fa ta ce..."

"Likita ta haife ni?"

"Bari in kira Abu Nasir."

"Miƙo wayar in ga lambar, yanzu ina gani." Ni kuma da wauta na miƙa. Ya kashe ta, ya kashe tasa, ya jefa su a aljihun tobensa, doguwar rigar nan tasu. "Idan ka gaya masa, zan ce kai ka kawo shawarar. Wa kake jin zai yarda da shi?"

Na waiga wajen Idris neman agaji, na ga ya duƙufa a kan kwamfuta kamar an aiko masa da wahayi. Shayib kuwa har ya kai ƙofa. Tsoho mai ido ɗaya sabon ɗinki ba ka kokawa da shi. Sai na yanke shawara a raina: zan bi shi, amma hamamin nan ba za mu same shi ba sai an rufe. Idris ya nuna mana hagu, ni na ja hannunsa muka yi dama.

Da haka na ga Jirona, 'yan'uwa. Duk wani abin kallo da ke garin na gan shi ne don tsoro.

Na fara da wata jar gada ta ƙarfe, mai kama da keji. Na ce ta nan hanyar take. Muka haye, ya tsaya a tsakiya yana ƙirga kifaye a ruwa, yana cewa kifin Turai ma ya fi na ko'ina ƙiba don ba mai damunsa. Muka sauka a ɗaya gefen, na ce af, na yi kuskure, muka dawo ta wata gadar. Daga nan na shigar da shi unguwar da aka ce Yahudawa ne suka zauna a da, lunguna masu duhu da matakala, inda za ka miƙa hannu biyu ka taɓa bango biyu. Na yi ta zagaye da shi har muka wuce wata mata mai kare sau uku. A na ukun ta gaishe mu.

Kusa da wata tsohuwar coci muka tarar da layi. Turawa, 'yan Japan, manya da yara, kowa na jiran ya hau 'yar matakala. A saman wani ginshiƙi akwai gunkin zakanya ta dutse tana maƙale, kuma abin da ake hawa yi shi ne a sumbaci ɗuwawunta. Na rantse muku. Wai duk wanda ya yi haka zai sake dawowa garin. Wurin har ya yi sulɓi don baki. Shayib ya ɗaga tabarau kaɗan don ya tabbatar idon ba ƙarya yake masa ba, ya yi istigfari, sannan ya dube ni.

"Ya Lawwal, hau."

"Ya ammi, ni musulmi ne."

"Na sani. So nake in ga iya inda biyayyarka ta tsaya."

Na ce a nan ta tsaya. Ya yi dariya har da tari, ni kuma ina ta kallon idon kada hawaye ya zama laifina.

Can ya ce shi ba ya wanka da sabulun otal, sai mun sayi na kirki da soso. Na ji daɗi, na ce wannan ai dole ne. Muna isa wani shago, mai shagon na janyo ƙofar ƙarfe. Na duba titi, shaguna sai rufewa suke ɗaya bayan ɗaya. Na duba agogo, Azahar ta yi. Ni da Shayib muka dubi juna. Ya ce, "Masha Allah! Ka gani? Jinin kakanninmu bai bar garin nan ba." Mu da muka saba a Riyadh ana kiran salla kowane shago zai rufe, me za mu ɗauka? Muka sami wani lungu muka yi tamu sallar, shi a zaune, muka dawo bencin da ke gaban shagon muna jiran a idar.

Muka jira. Muka ƙara jira. Shayib ya ce limaminsu na da doguwar sura. Sai ga wani baƙar fata ɗan Gambiya yana tura keken kaya, ya yi mana sallama. Da ɗan Turancina na tambaye shi yaushe ake fitowa masallaci. Mutumin nan ya ajiye keken ya riƙe ciki. Ya ce ba salla suka tafi ba, abinci suka tafi ci, daga nan su kwanta, sai wajen La'asar sakaliya. Da na fassara wa Shayib, sai ya ce, "To wannan ma jinin namu ne."

Ɗan Gambiyan ne ya cuce ni ba da saninsa ba. Shayib ya ambaci hamam, ya nuna tawul, mutumin ya ce ai ga shi can bayan babbar coci, ya nuna da yatsa. Na yi ƙoƙari na ƙarshe. Na saya masa wani soyayyen abu nasu mai kirim a ciki da sukari a jiki, ya zauna ya cinye. Na kai shi gindin matakalar babbar cocin, mai faɗi da tsawo kamar ba za ta ƙare ba, na ce sai an hau nan ake zuwa. Ya ce, "Baƙin mutumin nan gefe ya nuna, ba sama ba. Idona ɗaya ne, ba hankalina ba."

Haka muka isa ƙofar. Na sayi tikiti ina karanta duk addu'ar da na sani. Na riga na shirya, idan ta kama in rungume shi ta baya in yi ihu, zan yi.

Muka shiga. Ɗaki ne na dutse mai sanyi, a tsakiya ga wani ɗan kwarmi kewaye da siraran ginshiƙai, haske na saukowa daga sama. Ba tururi, ba famfo, ba bokiti. Mutane sanye da kayansu suna ɗaukar hoto. Wurin a bushe yake ƙamas. Wata ma'aikaciya ta dubi tawul ɗin Shayib, ta danne dariya, ta yi mini bayani a hankali: an yi ɗaruruwan shekaru ba wanda ya yi wanka a nan, gidan tarihi ne. Kuma ma ba Larabawa suka gina shi ba, Kiristoci ne suka kwaikwayi irin ginin Larabawa, sunan ya bi shi. Ban taɓa jin daɗin wata magana a rayuwata kamar wannan ba. Na fassara wa Shayib har da ƙari. Ya zagaya ɗakunan, ya shafa bango, ya ce, "Hmm." Ni dai ina bayansa ina hamdala.

Muna fitowa sama ta yi baƙi. Kafin mu yi taku goma ruwa ya sauko.

Wanda bai zauna da mutanen Najdu, wato yankin Riyadh, ba ba zai gane ba. Mu a gida idan ruwa ya sauko gudu muke mu fake. Su kuwa fita suke. Dattijonsu zai yaye mayafi ya bar ruwan ya taɓa jikinsa, yana addu'a, don albarka ce da ba kullum suke gani ba. Turawa suka watse, Shayib kuwa ya tsaya a tsakiyar fili, ya cire shimag, ya cire tabarau, ya fara ɗaga fuska sama.

Na yi kukan kura na kama shi. "Ya ammi, don girman Allah! 'Ya'yana!"

Bai zage ni ba, abin da ya tsorata ni ke nan. A hankali ya ce, "Shekara nawa ina jin ruwan sama da kunne kawai. Bar ni in gan shi, ya Lawwal."

Na iya ɗaukarsa cak, ba shi da nauyi. Amma na kasa. Sai na haɗa tafukana biyu na kifa su a goshinsa kamar rumfa, na danna sosai yadda ko ɗigo ba zai gangaro ba, na ce, "To kalli gaba, kada ka ɗaga." Muka tsaya a haka. Ruwa na dukan ƙeyarsa, yana bin bayan hannuna yana shiga hannun rigata, shi kuma yana kallon yadda ɗigo ke tsalle a kan duwatsu yana ta addu'a. Hannuwana suka yi tsami, ban motsa ba. Ina jin tausayinsa, ina jin haushinsa, ina jin tsoro, duk a lokaci ɗaya.

A haka Abu Nasir ya same mu. Ashe ya kira wayoyi biyu a kashe, ya juyo da wuri, Idris ya ce masa mun tafi hamam. Ku auna abin da ya gani: mahaifinsa jiƙe sharkaf tun daga ka har ƙafa, ba tabarau, tawul a kafaɗa, a ƙofar gidan wanka. Ya ɗora masa lema, ya mayar masa da tabarau, ya dube ni sau ɗaya.

"Halas, shi ke nan. Idan mun koma ka haɗa kayanka."

Na jira Shayib ya ce wani abu. Ko uffan. Kwana biyun da suka rage ya ci abincinsa, ya yi barcinsa, ya zage ni yadda ya saba. Ni kuwa ko burodin tumatir ɗin ya daina wucewa. Na yi ta tunanin yadda zan gaya wa Hadiza, matata, cewa na je Turai na dawo da kora.

Ranar dubawa likita ta haska idon ta daɗe, sannan ta ce ya warke sarai, ba alamar komai. Na sauke ajiyar zuciya, amma fuskar Abu Nasir ba ta canza ba. A cikin tasi ya ce, ba tare da ya waigo ba, "Allah ne ya kiyaye. Na ce kada ku fita, kuka fita."

Sai Shayib ya yi gyaran murya. "Gaskiyarka, ka kore shi. Ban taɓa ganin maƙaryaci irinsa ba. An nuna masa hagu ya kai ni dama. Yini guda yana yawo da ni a gari yana cewa ya ɓata."

Na ce a raina shi ke nan, tsohon nan ya ƙarasa ni.

Sai ya ci gaba, "Ni kuwa tun da safe Idris ya gaya mini ba ruwa a hamamin."

Abu Nasir ya juyo gaba ɗaya. Ni ma na saki baki.

"Ka kawo ni har nan, ka buɗe mini ido, sannan ka ce in zauna a ƙofar otal ina kallon tayoyin mota? Da na ce ya kai ni yawo, ba zai kai ni ba, tsoronka yake ji. Sai na ce wanka. Na san zai zagaya da ni duk garin kafin ya bari in isa." Ya gyara zama. "Ruwan saman ne kawai ban shirya ba. Komai nawa ya jiƙe ban da idon nan. Ka tambayi hannunsa."

Direban tasin, da bai ji ko kalma ba, ya rage rediyo. Ni kuwa ban san ko in yi kuka ba ko in shaƙe tsohon. Na ce, "Ya ammi, kwana biyu ka bar ni ban ci abinci ba."

"Ka yi ƙiba da yawa."

Abu Nasir bai ce komai ba har filin jirgi, bai ce komai ba a cikin jirgi. Muka sauka Riyadh, zafi ya mare mu, na ɗauko mota na zaunar da Shayib a baya, ina tuƙi ina kallon titunan kamar mai ban kwana. Muna dab da gida tsohon ya miƙe ƙafa ya ce, "An ce a Turkiyya akwai hamam na gaske, mai ruwa da tururi. Ya Lawwal, can za ka kai ni."

Abu Nasir na kallon taga. Ya ce, "Ka bari a sabunta masa iƙama tukuna."

Na riƙe sitiyari da hannu biyu, don hanyar ta fara yi mini dishi-dishi. Daga baya na ji sandar Shayib ta zunguri kujerata.

"Kalli gabanka, kada ka kashe ni da sabon ido."